Ciwon da ba ya fitowa a gwajin jini

Fayil ɗina na asibiti ya yi kaurin da sai da aka raba shi gida biyu, kowanne aka ɗaure shi da roba. A 1993 aka buɗe shi, ina da shekara biyu, ranar da yatsuna na hannu da na ƙafa suka kumbura Umma ta goya ni ta kai ni. Likita ya duba, ya tambaye ta ko akwai mai sikila a gidan. Ta ce akwai, yayana. Daga ranar, duk abin da ya sami jikina yana cikin takardun nan: leda nawa ta jini aka ƙara mini, ranar da jinina ya sauka zuwa 14, hoton ƙuguna na hagu, gyambon da ya shekara ɗaya da rabi a idon sawuna. Wata rana ina jiran likita na ɗauke shi na yi ta buɗawa shafi-shafi. Rubutun shekara 27 ne, hannun likitoci iri-iri, amma ban ga inda aka ce ina samun barci ko ba na samu ba, ina cin abinci da marmari ko tura shi kawai nake yi. Layin farko da ya taɓo zuciyata a Disambar 2020 aka rubuta shi, kuma wata nas ce sila.

Ba na ganin laifin likitocin nan. Duk wanda ya taɓa zuwa ranar 'yan sikila a babban asibiti a Kano ya san yadda layi yake kaiwa har baranda tun kafin bakwai na safe. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo, ƙiyasin da aka daɗe ana kawowa shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato yana ɗauke da gadon ciwon a jininsa amma shi ba ya ciwon. Likitan da ke da mutum sittin a ƙofa zai duba idonki ya ga ko shawara ta ƙaru, ya taɓa ciki, ya karanta sakamakon jini, ya rubuta folik asid da Paludrine, ya ce a shigo da na gaba. Abin da ya sani ke nan zai iya kashe ki yau, shi yake kora. Ɗayan kuwa, ciwon damuwa, a hankali yake cin mutum, kuma babu kwalbar da za a ɗebe shi a kai ɗakin gwaji.

Sikila dai kowa ya san ta ta waje. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120 tana aiki, tamu kwana goma zuwa ashirin ta mutu, shi ya sa kullum jini bai ishe mu ba. In sanyi ya buga, ko ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ko zazzaɓi ya shigo, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan sai ciwo. Wanda bai taɓa ji ba ba zan iya kwatanta masa ba, iyaka dai in ce kamar ana daka ƙashi a turmi kuma mai dakan ba ya gajiya. Wannan shi ake gani, shi ake yi wa sannu. Abin da ba a gani shi ne zaman jira tsakanin wannan tashi da na gaba. Ana shirin biki kina lissafin ko za ki kai ranar. Hadari ya haɗo kowa na murna, ke gabanki na faɗuwa. An sa ranar jarrabawa, kin yi karatu, amma kin san ba ke ke da ta cewa ba.

Yaya ya rasu a hunturun 2007, yana da shekara 19. Ciwon ƙirji ne, ya fara ranar Talata da daddare, Alhamis da asuba aka dawo da shi a lulluɓe. Ina da shekara 16. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ai ya huta, wata kuma, ba da mugun nufi ba, ta ce dama masu irin wannan ciwon ba sa wuce ashirin. Ina zaune a bayanta. Tun daga ranar na fara ƙirga. Da na cika 19 ban sayi sabon littafi ba a makaranta, tsofaffin na ci gaba da cikewa, don na ga asarar kuɗin Baba ne. Ban faɗa wa kowa ba. Na wuce ashirin, na gama kwalejin ilimi, na fara koyarwa, amma ƙirgan bai tsaya ba, gaba kawai na riƙa matsar da shi.

A gidanmu ba a maganar Yaya. Shi ne ɗan farin Umma, ko yana raye ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alkunya irin ta iyayenmu. Da ya rasu ma kara ta hana ta kuka a gaban jama'a, har mata suna yaba mata dauriya. Ni kuma na koyi darasin da kyau: mai ciwo nagari shi ne wanda in an ce ya jiki ya ce da sauƙi. Na iya wannan amsar ko da haƙorana suna haɗuwa.

Shekara uku ne suka taru suka kayar da ni. A 2018 ƙuguna ya fara, kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa gare shi ya fara mutuwa, abin da ke samun da yawa daga cikinmu in an girma. Aka ba ni sanda. Makarantar kuɗin da nake koyarwa suka yi haƙuri da fashina zango biyu, a na uku suka ce in je in huta sai na warke, alhali duk mun san ba warkewa ake yi ba. A 2019 maganar aurena ta lalace. Shi AA ne, mun yi gwaji, babu ɗanmu da zai zo da SS, har an kawo kuɗin gaisuwa. Sai wata gwaggonsa ta ce ba za a auro musu asibiti ba. Ya yi ta ƙoƙari wata huɗu, daga baya kiran ya ragu, ya ɗauke. Sai ga kullen korona a Afrilun 2020, na sami hujjar da nake nema ta daina zuwa asibiti. An buɗe gari ban koma ba.

Yadda abin ya kasance a ciki shi nake so in faɗa, don wataƙila wani zai gane kansa ko ɗan'uwansa. Ba kuka nake yi ba, da kuka ne ma da an lura. Komai ne ya zama ba ɗanɗano. Ƙarfe uku na dare idona ya buɗe tar, in kwanta ina kallon rufi har a kira assalatu. Wayata ta yi ta ƙara in kifa ta. Wanka ya zama aiki. Maganina na haidroksiyuriya, wanda Baba yake sayo wa da kuɗin fanshonsa, wanda shi ne ya rage mini yawan kwanciya asibiti, sai in ɓalle ƙwayar in jefa a bayan katifa don a ga kamar na sha. Ba wai na yanke shawarar wani abu ba ne. Na dai daina ganin dalilin wahalar da kowa. In na ga Umma tana hura gawayi da tsakar dare don ta dafa ruwan gasa mini ƙafa, abin da ke zuwa raina shi ne matar nan da ba ni da ta huta. 'Yan gidanmu suka ce na zama miskila. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka kawo hayaƙi da rubutu.

Wata takwas da barin magani ciwo ya tashi irin wanda na daɗe ban ji ba, aka kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. A dare na shida ne, wajen ƙarfe biyu, wata Sista mai furfura, wadda ta kusa ritaya, ta zo canja ledar ruwa. Ta san ni tun ina zuwa ɓangaren yara. Ta gama, maimakon ta wuce sai ta jawo kujerar roba ta zauna, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafarta. Ta ce, "'Yata, allurar nan ta kama ki, na ga jikin ya saki. Me ya hana ki barci?" Na ce ba komai, Sista, da sauƙi. Ta ce, "Jikin na gani da idona. Zuciyar nake tambaya." Na yi shiru. Ita ma ta yi shiru, ba ta cika wurin da nasiha ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Fanka tana juyawa, wata tsohuwa a gadon ƙarshe tana tari. Can ta ce, "Tun yaushe rabon da ki sha maganinki?"

Ban san ta yaya ta gane ba. Na faɗa mata na bayan katifa, daga nan sauran suka biyo, har maganar Yaya da littattafan da ban saya ba. Umma tana barci a tabarma a ƙasan gadon, ina magana ƙasa-ƙasa kada ta ji. Da na gama Sista ta ce, "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wannan da kike faɗa ciwo ne, yana da suna, yana da magani, kuma ba ke kaɗai ba ce a ɗakin nan." Da safe ta gaya wa likita, ya rubuta takardar tura ni sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Takardar ta yi sati biyar a jakata. Duk ɗan Kano ya san abin da ake nufi in an ce a kai wane Dawanau, kuma ni da aka riga aka ce mini asibiti, ban ga yadda zan ƙara wa kaina sunan mahaukaciya ba. Ƙanwata ce ta raka ni a ƙarshe, muka ce wa gida awon jini za mu. Na sa niƙabi, ni da ba na sawa. Abin da na tarar mutane ne zaune a benci kamar kowane layi, wani da jakar ofis, wata da goyo.

Likitan ya yi mini tambayoyi tara daga wata takarda, duk a kan sati biyun da suka wuce: sha'awar abubuwa, barci, ci, gajiya, ganin kai a matsayin kaya a wuyan mutane, tattara hankali. Ta taran ita ce ko na taɓa jin gara a ce ba na raye. Ya yi ta da murya ɗaya da sauran, bai zaro ido ba, bai yi salati ba, shi ya sa na iya ba shi amsar gaskiya. Ya ce ciwon damuwa ne, mai ƙarfi. Ya ba ni ƙwaya ɗaya kullum, ya gargaɗe ni cewa ba kamar maganin ciwon kai ba ce, sai ta yi makonni kafin in ji bambanci, kada in daina don na ga shiru. Haka aka yi. A sati na biyar na farka na ga rana ta fito, na yi barci har na makara sallah. Na shekara ina sha, shi ya rage mini a hankali har aka tsaya. Ba ta sa ni maye ba, ba ta mayar da ni wata ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne zaman da na yi da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, matashiya, ina jin ma na girme ta. Zama takwas muka yi. Maganarta ta farko ita ce ta sa na dawo na biyu, ta ce, "Anti, ciwonki gaskiya ne, a ƙashi yake, ba a kanki ba. Ni ba zan cire shi ba. Abin da ke zagaye da shi za mu taɓa." Ta sa na sayi ɗan littafi mai fallaye arba'in. Duk ranar da ciwo ya motsa in rubuta ƙarfinsa daga ɗaya zuwa goma, in rubuta tunanin da ya fara zuwa mini, da abin da na yi bayan nan. Bayan sati uku muka baje shi a tebur. Kusan kowane shafi jimla ɗaya ce da hannuna: irin na Yaya ne. Ko a gwiwa ciwon yake, ko uku ne cikin goma, tunanin farko ke nan. Daga nan zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, jiki ya ɗaure, in dunƙule in ƙi shan ruwa in ƙi gaya wa kowa, kafin asuba ukun ta zama bakwai. Tashin hankali kansa yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, wannan likitocin jini ma suna faɗa, sai dai ba wanda ya taɓa nuna mini shi a rubutuna.

Muka rubuta takarda guda, tana manne a bayan ƙofar ɗakina har yau. Sama: alamomin da ba a jira da su, zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji da wahalar numfashi, shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, ɗashewa fat. In ɗaya ya zo, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne. Ƙasa: in babu ko ɗaya, to wannan ciwon na san shi, na sha shi sau ɗari na tashi. Ruwa kofi biyu, magani a kan lokaci, tawul mai ɗumi, in ja numfashi ina ƙirga huɗu in sake shi ina ƙirga shida, in tashi mutum ɗaya ya zauna da ni. Ta kuma hana ni wani hali da ban san ina da shi ba, wato ranar da na ji daɗin jiki in yi wanki da shara da girki duk a rana ɗaya don in rama, gobe in kwanta kwana uku. Ta ce a raba. Kuma kowace rana, ko ba na so, in yi abu ɗaya da zai fitar da ni daga ɗaki. Da leƙa maƙwabta na fara. Yanzu yara goma sha biyu ke zuwa zaurenmu lasin bayan la'asar.

Daga baya na yi ta karance-karance, na ga ashe abin da ya same ni ba baƙo ba ne a wurin masana. Wani bincike da aka yi a jihar Bajiniya ta Amurka, aka buga a 2008, ya sa manya masu sikila fiye da 200 suna rubuta halin da suke ciki kullum har wata shida. Aka tarar fiye da rabin kwanakinsu da ciwo suke, kuma mafi yawansa a gida suke shanye shi ba tare da asibiti ta sani ba, sannan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna da ciwon damuwa. Ba sikila kaɗai ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 60, da mutum fiye da 245,000, wanda ya fito a 2007, ya nuna tsakanin kashi 9 zuwa 23 cikin ɗari na masu asma, ciwon zuciya, amosanin gaɓɓai ko suga suna ɗauke da damuwa a kai, kuma in biyun suka haɗu lafiyar mutum ta fi lalacewa. Ni dai ban buƙaci ƙididdiga ba, bayan katifata ya ishe ni shaida. Baba yana sayen magani mai tsada, damuwa tana zubarwa. Na tabbata akwai mai suga a unguwarku da ya daina allura, da mai wankin ƙoda da ya ce a bar shi haka, ana ce musu masu taurin kai.

Akwai masu cewa duk wannan raunin imani ne, wai mumini ba ya damuwa. Wannan maganar ta yi mini ciwo fiye da ta gwaggon nan, domin a watannin da na fi shiga duhu ban bar sallah ba. Annabi Yaƙubu, wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusufu, kuma Alƙur'ani bai kira shi mai raunin imani ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki malaman tarihi suke kiranta. Hadisin da ake karanta mana a gadon asibiti, na cewa babu abin da zai sami Musulmi face an kankare masa zunubi da shi, a cikinsa an jera damuwa da baƙin ciki kusa da gajiya da cuta. Nana A'isha kuma takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Ashe tun can an san mara lafiya yana da zuciyar da ke son kulawa. Haƙuri ina yi, ina kuma roƙon Allah Ya ƙara mini. Abin da na ƙi shi ne a mayar da kalmar murfi, mutum ya buɗe baki a rufe shi da ita kafin ya kai aya.

Na san na yi sa'a. Ina Kano, akwai sashen, akwai mai raka ni, akwai kuɗin adaidaita. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ita ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa, abin farin ciki ne, amma doka ba ta zama a kujerar roba ƙarfe biyu na dare. In za a jira sai kowane mai sikila a Gumel ko Ɗanbatta ya ga ƙwararre, za a daɗe.

Shi ya sa labarin Zimbabuwe ya tsaya mini a rai. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara a 2006 a unguwar Mbare ta birnin Harare: aka koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraro da yadda ake taimaka wa mutum ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye musu benci a harabar asibitin unguwa. A harshensu ciwon ma sunansa yawan tunani. Da aka gwada abin a kan mutum fiye da 500 aka buga sakamakon a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka zauna da kakannin nan suke da sauran alamun damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Da na karanta sai na tuna namu bencin. Awa biyar muke yi a kansa duk ranar asibiti, uwaye da 'yan mata da samari masu sanda, muna kallon bango. Mutanen suna nan, lokacin yana nan, nas-nas masu ritaya irin Sista suna nan a gida. A ɓangaren masu cutar ƙanjamau an daɗe da sa masu ba da shawara da ƙungiyoyin masu ciwon, don an gane in ba haka ba mutum ba zai riƙe magani ba. Ban ga abin da zai hana a yi wa masu sikila da suga da ƙoda haka ba.

Mu dai mun fara namu ba da izinin kowa ba. Mu tara ne, muna da zaure a WhatsApp, ranar asibiti kuma mu haɗu a ƙarshen baranda. Ƙa'idarmu ɗaya, ba a amsa ya jiki da da sauƙi sai in da sauƙin ne. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Wani saurayi ya nuna mana cinyarsa, duk ta zama tabo saboda allurar Penta da yake yi wa kansa. A asibiti aka fara yi masa don ciwo, daga baya ya gane tana kashe masa har da tunani, ya koma saye a kemis. Yanzu in ya je ɗakin gaggawa da ciwon gaske sai a ce ɗan ƙwaya ne, a bar shi a benci. Mu ma da ba mu taɓa ba wannan zargin yana bin mu, na taɓa jin wani ma'aikaci yana cewa ai ta san sunan allurar, ka ga alama. Shekara talatin ina shan abu, ta yaya ba zan san sunansa ba? Saurayin nan ba tsawa yake buƙata ba, an yi masa ta ishe shi. Mu biyu muka raka shi sashen da na je. Yana zuwa, yana faɗuwa yana tashi.

Akwai wani abu kuma da nake so masu wayar da kai su ji. Duk 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, gidajen rediyo suna cika da kiran a yi gwaji kafin aure. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari, na kuma yi murna da dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, ba wanda ya san nauyin wannan lissafin kamar mu. Amma ku duba kalmominku. In mai magana ya ce kada ku haifo wa kanku wahala, kada ku jawo wa zuri'arku masifa, akwai yarinya 'yar shekara goma sha huɗu kusa da rediyon tana shan folik asid, kuma ta gane ita ce wahalar. Akwai uwarta a gefe, wadda ta yi aure lokacin da ba wanda ya san wani gwaji. An mayar da mu gani ga wane. A faɗi gaskiyar ciwon, a kuma faɗa cewa waɗanda suka riga suka zo mutane ne, suna karatu, suna aure, wasu sun ga jikokinsu.

A zamanmu na bakwai masaniyar nan ta tambaye ni wa ke kula da mai kula da ni. Ban da amsa. Umma ta yi jinyar 'ya'ya biyu shekara fiye da talatin, ta san kowace tabarmar asibiti, hawan jini ya kama ta tun tana da arba'in da 'yan kai. Sau ɗaya tak, ina cikin magagin allura, na ji ta tana shafa ƙafata tana cewa ku yafe mana, ba mu sani ba. Da na farka ban nuna na ji ba, ita ma ba ta sake ba.

Na daɗe ina juya yadda zan yi, domin ba a saba 'ya ta titsiye uwa da tambaya ba. Sai wani yammaci a hunturun bara, an idar da magariba, tana tsugune gaban murhu tana tuƙa tuwo, ni ina kan kujera 'yar tsuguno da safa biyu a ƙafa ina kaɗa mata kuka. Na ce, "Umma, ke kuwa ya zuciyarki?" Muciyar ta tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Wace irin magana ce wannan?" Na ce tambaya ce kawai, ni ma an taɓa yi mini. Ta ci gaba da tuƙi, ta rufe tukunya, ta janye itace biyu. Na ɗauka shi ke nan.

Sai ta ɗauraye hannu, ta jawo tabarma kusa da ni ta zauna, ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ranar Talatar nan, yaron nan ya ce mini ƙirjinsa, na ce ya bari gari ya waye, babanku ba ya nan kuma ba mota." Ta yi shiru. "Shekara goma sha bakwai ban faɗa wa kowa ba." Na gaya mata abin da likitoci suka gaya mini game da irin wannan ciwon ƙirjin, cewa ko a gadon asibiti yakan zo da sauri ya fi ƙarfin kowa. Ban sani ba ko ta karɓa. Ta ci gaba da magana dai, yadda yake son ƙanzo, yadda yake ɓoye mata in ciwo ya fara don kada ta tashi, har ta ambaci sunansa sau biyu, ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Aka kira isha muna nan. Ƙanwata ce ta fito ta kwashe tuwon.